Giya mai nauyi a ƙaramar kwalba: yadda nake auna aikin hannuna

Duk ranar Talata da ƙarfe goma na safe, kafin in sha shayi ko in ci wani abu mai yaji, nakan shiga ɗakin sanyi na masana'antarmu da kofi biyu na gilashi, in tsiyayo giya daga tankin da ya fi daɗewa a ajiye. Ranar ba na shafa turare, kuma yaran nan biyu da ke aiki tare da ni sun san ba a shigo mini da sigari ko soyayyen abinci, domin hanci shi ne rabin alƙalancin. Masana'antar tamu ƙarama ce, tana wani ƙauye a yankin East Lothian, gabas da birnin Edinbara a ƙasar Sikotilan, inda gonakin sha'ir ke shimfiɗe har bakin teku. Muna dafa giya iri huɗu, amma wadda na fi alfahari da ita, wadda kuma ta fi ba ni wahala, ita ce wadda mutanen nan ke kira wee heavy. Na san da yawa cikin masu karanta Hausa ba sa shan giya saboda addininsu, ina kuwa girmama hakan. Abin da nake so in bayyana shi ne sana'ar da na ci, na sha, na tarbiyyantar da 'ya'yana da ita.

Sunan kansa yana da tarihi. A bakin mutanen Sikotilan kalmar farko tana nufin ƙarama, ta biyu kuma mai nauyi, kuma an samo laƙabin ne daga giyar kamfanin Fowler na garin Prestonpans, wanda ba shi da nisa da mu, wadda a da ake sayarwa a 'yar kwalba mai cin sulusin fayin, wato ƙasa da mililita 200. Tun a ƙarni na 19 masu dafa giya a nan suke kiran giyarsu da farashin babbar ganga: akwai 'yar sule 60, 'yar sule 70, 'yar sule 80, da 'yar sule 90, kuma iya tsadarta iya ƙarfinta. Sulen ya daɗe da ɓacewa daga aljihun mutane amma sunan ya zauna. Mai nauyin tana can saman wannan tsani, ƙarfin barasarta yakan kama daga kashi 6.5 zuwa kashi 10 cikin ɗari. Tamu kashi 8 ce, shi ya sa har yau muke zuba ta a ƙaramar kwalba, ba mu kuma ba kowa shawarar ya sha fiye da ɗaya a zama guda.

Idan na tsiyayo, ba na kai kofin baki nan take. Giyar tana fitowa daga tanki da sanyi sosai, sanyi kuwa yana rufe ƙamshi kamar yadda yake rufe aibi, don haka nakan ajiye ta har ta kai digiri 12. A wannan jiran nake duba launinta. Ina ɗaga kofin wajen taga: abin da nake nema shi ne launin jan ƙarfe mai duhu, wanda idan haske ya ratsa shi za a ga ja kamar na zoɓo a gefen gilashin. Idan ta yi baƙi ƙirin, gasasshen sha'ir ya yi yawa. Idan ta yi fari-fari, wuta ba ta ci ta yadda ya kamata ba. Kumfarta ba fara ba ce, ruwan ƙasa-ƙasa ce, kuma ba ta tashi sama sosai, domin barasa mai yawa tana kwantar da kumfa. Sai in juya kofin a hankali in ga yadda giyar ke gangarowa a jikin gilashi, sannu-sannu kamar zuma da aka ɗan sirka.

Daga nan sai in rufe bakin kofin da tafin hannuna, in girgiza kaɗan, in buɗe in shaƙa. Wannan ɗabi'a ba a Edinbara na koye ta ba. Na tashi a wani ƙauye a ƙasar Filato, a gidan kakata wadda ta shekara fiye da arba'in tana dafa burukutu. Ita ce ta fara nuna mini cewa hatsi ba ya ba da zaƙinsa sai ya tsira. Mukan jiƙa dawa, mu shimfiɗa ta a ɗaki mu lulluɓe da ganye, muna yayyafa ruwa safe da yamma har tsiro ya fito, sannan a shanya, a niƙa, a dafa a manyan tukwane. Ina 'yar shekara tara aka ba ni aikin tura itace. Wata rana na cika wuta don in gama da wuri in tafi wasa, sai Kaka ta fito daga ɗaki tun kafin ta ga tukunyar, ta ce, "Kishiyata, kin ƙona mini giya, ina jin ƙaurin tun daga gado." Ta ɗebo a ƙoƙo, ta rufe da hannu, ta buɗe a gaban hancina, ta sa na shaƙa har sau uku don in bambance ƙamshin ƙanzo mai daɗi da warin abin da ya ƙone. Bayan shekaru da yawa, da na zauna a aji a Jami'ar Heriot-Watt, inda ake koyar da ilimin dafa giya da tace barasa, malamai suka ba wa waɗannan abubuwa sunayen kimiyya da lambobi, amma hancin da na shiga ajin da shi na Kaka ne.

Wannan tazara tsakanin ƙanzo da ƙauri ita ce zuciyar giyar da nake dafawa yanzu. Kowace dahuwa tamu lita 800 ce, muna zuba mata tsiron sha'ir kusan kilo 280, mafi yawansa irin da ake kira Golden Promise, wanda manoman Sikotilan suka daɗe suna nomawa, da ɗan gasasshen sha'ir wanda bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba. Muna jiƙa niƙaƙƙen tsiron a ruwa mai zafin digiri 69, sama da na sauran giyoyinmu, saboda a wannan zafin ake samun irin sukarin da yisti ba ya iya cinyewa, shi ne kuma ke ba giyar jiki a baki. Ruwan zaƙin da ya fara tsiyayowa shi ne mafi kauri. Nakan ware lita 80 daga cikinsa in zuba a wata tukunya daban, in tsaya a kanta da muciya ina juyawa fiye da awa biyu, har ya ƙafe ya koma kamar maɗi, yana tafasa da manyan ƙwayaye masu fashewa a hankali. Akwai wani ɗan lokaci, bai fi minti biyar ba, da ƙamshin ke juyawa daga na burodi zuwa na mazarƙwaila. A nan ake saukewa a mayar cikin babbar tukunya. Wanda ya yi waya ko ya juya baya a wannan lokacin ya yi asarar yini guda, shi ya sa ban taɓa bar wa kowa wannan aikin ba.

Saboda haka abin da nake nema a ƙamshin shi ne mazarƙwaila, da ɓawon burodin da ya gasu, da dabino, da zabibi, wani lokaci da soyayyar gyaɗa can ƙasa. Furen hops, wanda ke ba giya ɗaci, muna sa irin Goldings na yankin Kent kaɗan ne kawai, kuma bai kamata hanci ya ji shi ba. Akwai abubuwa uku da nake farauta da gangan. Na farko warin man shanu, wanda ke nuna an raba giyar da yistinta kafin ya gama share bayansa. Na biyu warin ɗanyen tuffa, alamar giya ba ta nuna ba. Na uku, wanda na fi tsoro, wari ne mai hawa kai kamar na fenti, wanda ke fitowa idan yisti ya yi aiki cikin zafi. Domin guje masa muke riƙe tankin a digiri 16 har mako uku, sannan mu kwantar da giyar wata uku cikin sanyi kafin ta ga kwalba.

Sai kurɓa. Masu ɗanɗana ruwan inabi suna tofarwa, mu kuwa dole mu haɗiye, domin hukuncin giya yana ƙarshenta, wato abin da ya saura a baki bayan ta wuce maƙogwaro. Kurɓar farko zaƙi ne ke tarbar harshe, mai kauri, mai santsi. Wannan ba abin yabo ba ne tukuna, kowa yana iya yin abu mai zaƙi. Abin da nake jira shi ne daƙiƙa goma da ke biyo baya: shin zaƙin zai manne a dasashi kamar alewar yara, ko kuwa ɗan baurin gasasshen sha'ir da ɗacin hops za su zo su share shi, su bar baki a bushe yana neman kurɓa ta biyu? Barasar kuma ya kamata a ji ta a matsayin ɗumi a ƙirji, ba ƙuna a maƙogwaro ba. Nakan rubuta abin da na ji, in bar kofin minti ashirin, in dawo. Giya mai kyau tana ƙara buɗewa idan ta ɗumama, dabinon ya ƙara fitowa. Mai aibi kuwa a nan asirinta ke tonuwa.

Ma'aunin da nake gwada kaina da shi giyar gidan Traquair ce, tsohon gidan sarauta da ke kusa da Innerleithen, inda Peter Maxwell Stuart ya farfaɗo da tsohon ɗakin dafa giya a 1965, kuma har yanzu a cikin kwantenan katakon oak yistinsu ke aiki. Ƙarfinta kashi 7.2 ne. Akwai kuma Skull Splitter ta tsibiran Orkney mai kashi 8.5. Sau biyu a shekara nakan sa a zuba mini su tare da tawa ba tare da na san wace ce wace ba. Ba kullum tawa ke zuwa ta ɗaya ba, amma duk lokacin da ta faɗi nakan gane dalili, in koma tukunya da shi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu kwaikwayo. Za ka ga kwalba an lulluɓe ta da zanen tufafin gargajiya na mutanen tsaunuka, a ciki kuwa giya ce ta yau da kullum da aka ƙara wa sukari don ta yi ƙarfi, aka zuba mata kala don ta yi duhu, aka fitar da ita cikin kwana goma. Mafi muni su ne masu zuba tsiron da aka busar da hayaƙin pit, wato baƙar ƙasar fadama da ake yankowa a shanya a ƙona. Wannan hayaƙi na masu wiski ne, musamman na tsibirin Islay. Ba al'adar masu dafa giya na garuruwan Edinbara da Alloa ba ce, waɗanda ke zaune a kan ƙasar kwal. Amma an yi ta yayata shi, musamman a Amurka, har baƙi suna zuwa rumfarmu a kasuwar manoma su kurɓa su ce, ina hayaƙin? Wasu kuma su ɗaga 'yar kwalbar su tambayi dalilin da ya sa kuɗinta ya kai na babba a kanti, su nemi ragi. Nakan yi musu bayani da haƙuri cewa hatsin da ke cikin kowace litarta ya ninka na waccan, kuma ta kwana wata huɗu a gidana kafin ta zo hannunsu.

Hayaƙin nan ya taɓa shigo mini gida ba da sanina ba. Shekaru huɗu da suka wuce wani dillalin tsiro, wanda ke kai wa masu wiski kaya shi ma, ya haɗo mini da buhu biyu na mai hayaƙi cikin lodi, ba alama a jikinsu. Ranar ina fama da mura, yaron da ya niƙa kuma sabo ne. Sai bayan mako uku, da safiyar wata Talata, na rufe kofi da tafin hannu na buɗe, na ji wari kamar na ɗakin shan magani da tokar murhu. Yaran suka ce a sa mata wani suna a sayar, ai akwai masu son hakan. Na zauna a kan buhu na daɗe ina kallon tankin, sannan na sa aka zubar da lita 800 ɗin gaba ɗaya. Dillalin ya musanta, daga baya ya amsa, amma bai biya ko rabin asarar ba, na kuma daina sayen kayansa. Tun daga ranar babu buhun da ake niƙawa sai na farke bakinsa da kaina, na ɗebi ƙwaya biyar na tauna. Tsiro mai kyau yana fashewa ƙaras a haƙori, cikinsa fari kamar alli, yana da zaƙin biskit. Wanda ya sha danshi kuwa yana lanƙwashewa.

Dahuwar bana mun yi ta ne a farkon watan Yuli, na kuma ɗanɗana ta karo na tara a Talatar da ta wuce. Warin ɗanyen tuffan da na ji a watan Agusta ya tafi, dabinon ya fito sosai, ƙarshenta ya bushe yadda nake so, sai dai ɗumin barasar yana da ɗan kaifi har yanzu a kurɓa ta uku. Masu shaguna biyu sun kira suna neman a kai musu kafin ƙarshen wata, na ce su ƙara mini mako uku. Za mu zuba ta a kwalba a tsakiyar Nuwamba, kuma duk wanda ya kai shekara 18 ya biyo ta ƙauyenmu ranar Asabar zai same ni a bakin tanki, in zuba masa a digiri 12, in nuna masa yadda ake rufe kofin da tafin hannu.