Ciwon wuya mai gangarowa hannu: shawara ga ƙannena masu wuni a sunkuye

Ƙannena maza da mata, musamman ku da sana'a ke sa ku wuni a sunkuye, teloli irina da masu gyaran salula da ɗalibai da ma'aikatan ofis, ya kamata ku iya bambanta ciwon wuya iri biyu. Akwai sagewar wuya ta wanda ya yi mummunar kwanciya, wadda takan saki da kanta cikin ƴan kwanaki. Akwai kuma wanda ke tasowa daga wuya, ya ratsa allon kafaɗa, ya gangara ta damtse har yatsu, yana zogi yana fizga, wani lokaci yatsun su mutu. Na biyun ne ya kama ni a shagona a nan Tahoua, kuma rashin sanin tushensa ya sa na daɗe ina shafa man zafi a hannun da ba shi da laifi.

Ƙasusuwan wuya 7 ne, ɗaya bisa ɗaya, kuma a tsakaninsu akwai faifan guringuntsi mai laushi a ciki wanda ke hana su gogar juna. Laka tana bi ta tsakiyarsu, sannan jijiyoyi 8 suna fita ta kowane gefe ta wasu ƴan ƙananan kafofi, kuma na ƙasa-ƙasa daga cikinsu su ne ke tafiya hannu. Idan faifan ya tsage abin cikinsa ya bulluƙo, kamar yadda ya fi faruwa ga matasa, ko kuma shekaru suka sa ya lotse ƙashi ya yi tsiro ya matse kafar, sai jijiyar ta danne ta kumbura, mutum ya riƙa jin zafin a can inda ta ƙare. Shi ya sa likita yake tambayar wane yatsa ne ya mutu. Babban yatsa da manuni suna nuna tsakanin ƙashi na 5 da na 6, yatsan tsakiya yana nuna tsakanin na 6 da na 7, inda aka fi samun matsalar, ƙaramin yatsa da na kusa da shi kuma suna nuna ƙasan na 7.

Nawa ya tsananta ne gab da Sallah, lokacin da ɗinki ya taru, tela ba ya ganin gadonsa. Maimakon in rage aiki, sai na koma wurin masu tallar magani a faranti, ina sayen diclofenac da tramol ina haɗiya ba tare da ko cin abinci ba. Ƙwayoyin sun yi abin da na nema, wato sun danne zafin har na ci gaba da duƙufa a kan keke, alhali jijiyar tana nan a matse tana ƙara kumburi. Diclofenac da ibuprofen magunguna ne na gaskiya waɗanda likitoci ke rubutawa, amma yawan shansu yana jawo gyambon ciki da taɓuwar ƙoda, ni kuwa ƙunar ciki ce ta fara kayar da ni. Tramol kuma yana kama mutum, kuma duk wanda ke zaune a Nijar ya ga yadda ya yi da samarinmu.

Abin da ya fi ba ni tsoro idan na tuna shi ne ranar da na bar wani mai tausa ya riƙe haɓata da ƙeyata ya murɗe wuyan har ya yi ƙara. Ba na raina masu ɗori da wanzamai, suna da inda suke da amfani, amma ƙaho ba ya kai wa ga jijiyar da ke tsakanin ƙasusuwa, murɗa wuya da ƙarfi kuwa yana iya ƙara fitar da faifan, har ma ya ji wa jijiyar jini mai zuwa ƙwaƙwalwa rauni. Bayan haka ne almakashi ya fara suɓucewa daga hannuna, ina cikin yanka shadda sai in gan shi a ƙasa.

Da na je asibiti, likita ya gwada ƙarfin kowane hannu, ya bubbuga gwiwar hannuna da ƴar gudumarsa, ya karkatar da kaina gefe a hankali, nan take zafin ya gangara har yatsa. Hoton radiyo ƙashi kawai yake nunawa, wanda ke nuna faifai da jijiya shi ne IRM, wato hoton babbar na'urar da ake shigar da mutum cikinta, kuma yawanci sai an je manyan asibitocin Yamai, amma ba kowa ke buƙatarsa ba. Mafi yawan masu wannan ciwon suna samun sauƙi cikin makonni 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba.

Abin da ya taimake ni ba mai tsada ba ne. Kan babban mutum ya kai kusan kilo 5, kuma gwargwadon yadda ya sunkuya gaba, gwargwadon nauyin da ke sauka a wuya, don haka na ɗaga teburin keke, nakan miƙe in ɗan taka bayan kowane rabin awa, salula kuma ina ɗago ta daidai ido. Na bar kwanciyar rubda ciki, na zaɓi matashin da ba ya tanƙwara wuya sama ko ƙasa. Likitan motsa gaɓoɓi ya koya mini jan haɓa baya a hankali ina kallon gaba, da gasa wurin da tsumma mai ɗumi. Idan zogin ya taso, ɗora tafin hannu bisa kai yakan sassauta jijiyar. Abin ɗaure wuya na ƴan kwanaki ne kawai, domin daɗewa da shi yana raunana naman wuya. Masu ɗaukar kaya a ka da masu kabu-kabu a hanya mai gargada su sassauta har su warke.

Akwai alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya. Idan hannu yana rasa ƙarfi, ko ɓalla maɓalli ya gagara, ko ƙafafu suna harɗewa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, to mai yiwuwa lakar kanta ce ta danne. Haka nan idan ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga babur, kada a juya wuyan sai a asibiti. Rama da zufar dare tare da ciwon da ba ya lafawa suna sa a binciki tarin fuka na ƙashi. Nauyi a ƙirji mai tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, tare da gumi da sarƙewar numfashi, na iya zama ciwon zuciya. Zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da wuyan da ya ƙi lanƙwasuwa kuwa, musamman daga lokacin hunturu zuwa bazara, a ɗauke su a matsayin sanƙarau, a kai mutum asibiti a wannan sa'ar ko da tsakar dare ne.