Dawakin sojan Ingila da na gani a Landan

Jiya na je Horse Guards, inda sojojin doki na sarkin Ingila ke gadi a Landan, wajen ƙarfe 11 lokacin canjin masu gadi, wallahi har yanzu abin bai fita raina ba. Ni da na tashi gidan doki a Katsina, kakana ke ɗora ni kan sirdi duk hawan sallah, amma ban taɓa ganin doki ya tsaya cak haka ba, ga motoci ga 'yan yawon buɗe ido ana ta haska masa kyamara a fuska, kunne kawai yake kaɗawa.

Wani soja da muka ɗan taɓa hira yake ce min da yawansu ba su taɓa hawa doki ba kafin su shiga aikin, malaman hawa ne ke koya musu wata da watanni, shi ma dokin sai an saba masa da ƙarar ganga da ihun jama'a tukuna. Mai buga ganga ma da ƙafa yake juya dokinsa, an ɗaure ragamar a likkafa tunda hannu biyu na kan kiɗa.

Maƙeran takalmin doki kuwa su suka fi burge ni, sojoji ne su ma, a garin Melton Mowbray na Ingila ake horar da su. Kwalta na cinye ƙarfen, dole bayan 'yan makonni a yanke kofato a sake bugawa. Na durƙusa ina kallon ƙusoshin a jere tsaf, sai na tuna Danda dokin kakana da ya rame saboda ciwon kofato muna ta shafa masa man shanu. Allah ya jiƙan Kaka.