Na Je Shan Zuma, Na Ɓige da Wankin Tiyo

Jarrabawa ce ta cuce ni. Tun farkon watan Maris abokin karatuna yake ce mini in zo mu je garinsu a lardin Kebek na Kanada in ga yadda ake tatsar bishiyar mefil a dafa ruwanta ya zama zuma, ni kuwa ina cewa sai na gama takarda ta ƙarshe. Kafin in gama, Afrilu ta kusa ƙarewa. Na kira shi cike da ɗoki, ya yi jim, sannan ya ce, "Ka zo dai. Kawu na neman hannu." Ban gane irin hannun da ake nema ba sai da na je.

Mun bar Montiriyal da hantsi a tsohuwar motarsa, muka hau babbar hanya mai lamba 20 muka nufi gabas. Gonaki ne shimfiɗe hagu da dama, ƙasa baƙa jiƙe sharkaf, ragowar dusar ƙanƙara ta lafe a gindin shinge ta yi dauɗa kamar audugar da ta kwana a bakin titi. Da muka zo daidai wani ƙauye, Saint-Louis-de-Blandford, ya nuna da baki ya ce a nan aka tafka satar da har gobe ake labarinta. Tsakanin 2011 da 2012 ɓarayi suka kwashe wajen tan 3,000 na zumar mefil daga wani sito, kayan kusan dalar Kanada miliyan 18, suna zuƙe zumar suna mayar da ruwa cikin ganguna. Na yi dariya na ce ashe har zuma ake yi wa fashi. Shi bai yi dariya ba. Lardin Kebek ne ke samar da wajen kashi 70 cikin 100 na wannan zuma a duniya, har rumbun ajiya gare su saboda shekarar da bishiya ta yi rowa.

Kusa da Lévis muka karkata kudu kan hanya mai lamba 73, muka shiga yankin Beauce, da ake furtawa Bos. Kogin Chaudière ya cika ya batse da ruwan ƙanƙarar da ta narke. Bayan mun wuce Saint-Georges kwalta ta ƙare, taɓo ya karɓe mu.

Bukkar da ake dafa zumar na tsakiyar daji, ga wata 'yar taga a ƙoƙon rufinta inda tururi ke fita. A hotunan da na sha gani tururin kan turnuƙe sama. Ran nan ko ɗis. Kawun, dogon tsoho mai hannu kamar faskare, ya dubi takalmina na 'yan birni ya girgiza kai, ya shiga ciki ya fito da na roba.

"Ka makara, ɗana. Bishiya ta rufe."

Na ce, "Baba, ba a samun ko kaɗan?"

Sai ya tsoma cokali a wani bokiti ya miƙo mini. Ɗaci-ɗaci, ga wani wari kamar ganyen da aka jiƙa aka manta. Ya ce ruwan bishiyar mefil, wadda ganyenta ke jikin tutar Kanada, ba ya zuba sai dare ya daskare rana kuma ta yi ɗumi. Da zarar dare ya daina daskarewa, tofo ya fara kumbura a rassa, ɗanɗano ya juya, kakar ta ƙare ke nan. Mako huɗu zuwa shida ne duka-duka. Abin da ya rage shi ne aikin da 'yan yawon buɗe ido ba sa tsayawa gani.

Dajin nan duk a ɗaure yake. Siraran tiyo shuɗaye sun bi daga bishiya zuwa bishiya kamar saƙar gizo, suna gangarawa cikin manyan baƙaƙen tiyo da ke kai ruwa bukka, inji na zuƙowa. Kowace bishiya an huda ta zurfin kamar gaɓa biyu ta yatsa, an kafa ɗan bututun roba a ramin. Aikinmu mu bi su ɗaya bayan ɗaya mu cire. An ba ni wani ƙarfe mai baki biyu, irin bayan gudumar da ake cire ƙusa. Bututun farko na ɗauka ƙarfi ake sa wa, na fizgo shi ta gefe, ɓawon bishiyar ya ɓalle kusan tafin hannun jariri. Tsohon bai yi faɗa ba, wanda da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya zo ya shafa wurin da babban yatsa, ya ce wannan bishiyar ta yi shekara arba'in kafin a fara huda ta. Sannan ya kama hannuna ya nuna mini: a murɗa kaɗan, a jawo kai tsaye, har a ji ɗan "fut".

Na tambaya da me za a toshe ramin, na ma fara neman ɗan tsinke. Ya ce a bar shi a buɗe, bishiya ta san yadda take ɗinke kanta, cikin shekara ɗaya zuwa biyu bakin zai rufe. Amma naman itacen da ke kewaye da ramin ba zai ƙara ba da ruwa ba, shi ya sa baɗi sai a matsa gefe, a ɗan yi sama ko ƙasa. Da na lura sai na ga jikin kowace tsohuwar bishiya cike da tabo ƙanana kamar cibiya, wasu tun zamanin da mahaifinsa ke rataya bokitin kwano.

Abokina na biye da ni da jarka a goye, yana tsiyaya sifirit irin na asibiti cikin kowane tiyo kafin a maƙale bakin a rufe. Na ɗaga wani tiyo na duba a rana, sai na ga dalili: ragowar ruwan ya yi kauri ya yi yauƙi, da ɗigo-ɗigon baƙin fumfuna. In aka bar wannan ya kwana har baɗi, ƙwayoyin cuta za su koma cikin sabon rami su sa ya bushe da wuri. Tsohon ya ce da can da ruwan bilic suke wankewa, amma gishirin da yake bari yana kiran kurege. Kuma kuregen ƙasar nan bai bar halin ɗan'uwansa na tatsuniya ba. Sau goma sha wani abu muna tarar da tiyo da sawun haƙoransa jere kamar ɗinkin keke. Duk inda muka gani sai mu ɗaura jan ƙyalle, domin huda ko ta kai ta allura tana rage ƙarfin zuƙar inji a layin gaba ɗaya.

Da rana aka zauna cin abinci. Girkin bukkar zuma kusan duk da naman alade ne, har wake. Matar kawun ta riga ta ji labari, ta soya mini ƙwai daban a wani kasko, da burodi da dankali, ta kwarara zuma a kai. Ƙwai da zuma. Na ci don kara, daga baya na nemi ƙari.

Washegari aka koma cikin bukka. A nan ne dogayen kasake na farin ƙarfe suke kan murhu. Ruwan bishiya sukarinsa bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, zuma kuwa sai ta kai 66, don haka lita 40 ake ƙonawa kafin a samu lita ɗaya. Wanda ya taɓa tsayawa inda ake dafa mazarƙwaila ko maɗi ya san irin wannan haƙurin. Dogon tafasar kan bar wani ƙanzo fari-fari mai tauri a gindin kasko, kamar yashi da siminti. Ni da nake son in wanke laifina na jiya, na hango sabulun wanke-wanke a taga na ɗauko. Tsohon ya daka tsawa daga bakin ƙofa, karo na farko da na ji ya ɗaga murya. Sabulu ba ya shiga kaskon zuma, ƙamshinsa kan maƙale ya fito a zumar baɗi. Wasu ruwan khal suke zubawa. Shi kuwa ruwan nan na ƙarshe mai ɗaci da ya ɗanɗana mini yake cika kasaken da shi, ya bari ya yi tsami na makonni, tsamin ya ɓamɓare ƙanzon da kansa. Ashe bokitin ba na zubarwa ba ne.

Sauran aikin ya tafi da sauri: kwashe toka, wanke tankuna da ruwan zafi, shanya matatan tsumma, juye man injin zuƙa. Matatar injin da ke rage ruwa kafin dahuwa ce kawai aka yi wa gata, aka wanke ta aka rufe a jiƙe, aka kai ta cikin gida inda sanyi ba zai daskarar da ita ba.

Kwana uku na yi. Ranar tafiya tsohon ya sa mini gwangwani biyu masu cin mililita 540 a jaka, na ƙarshen kaka, mai duhu, wanda ya ce shi ya fi so. Ya ce in dawo a Fabrairu lokacin huda, in kuma zo da safar hannu ta kirki. Muna fita daga dajin na waiga na hango bishiyar da na ɓalle wa ɓawo. Ya ɗaura mata jan ƙyalle ita ma.