Green Bay, garin da ya mallaki ƙungiyarsa

Daga Shikago zuwa Green Bay tafiyar kilomita 330 ce ko kusa da haka. Ana miƙa arewa, Tafkin Mishigan yana hannun dama. Yayana da ke aiki a Shikago shi ya ja motar. Mun fita bayan sallar asuba cikin watan Disamba, muka ratsa Milwoki, muka kama babbar hanya mai lamba 43. Daga nan sai gonaki da rumbuna da gidajen shanun madara, duk dusar ƙanƙara ta lulluɓe su. Jihar Wiskonsin ke nan, ƙasar nono da cuku.

Ni ba ma'abocin ƙwallon zari-ruga irin na Amurka ba ne, Yaya ne ya matsa mu je kallon wasan Packers, ƙungiyar garin. Ya ce, "Ƙanena, ko wasan bai dame ka ba, garin zai dame ka. Zo ka gani da idonka."

Mutanen Green Bay ba su wuce 107,000 da ɗoriya ba, amma filin wasansu na Lambeau yana cin mutum sama da 81,000. Ba a bayan gari aka gina shi ba, a cikin unguwa yake, gidajen mutane na kallonsa ta tsallaken titi. Ranar wasa masu gidajen kan tsaya a ƙofa da ɗan allo, su karɓi kuɗi ka ajiye mota a farfajiyarsu. Mu ma haka muka yi, a gidan wata dattijuwa. Ko'ina hayaƙin gashi ne, mutane sun buɗe bayan motocinsu suna gasa nama, wasu sun ɗora hular soso mai siffar yankan cuku a ka. Yawancin naman na alade ne, don haka muka tsaya a kan guzurinmu da shayi mai zafi.

Da dattijuwar ta ji daga nesa na zo, sai ta ce mu shigo mu ɗumama. A bangon falonta akwai takarda a cikin gilashi, kusa da hotunan jikokinta. Na ce, "Mama, wannan fa?" Ta ce takardar hannun jarinta ce a ƙungiyar Packers. Ba ta samun ko sisi na riba, ba ta da ikon sayar da ita a kasuwa, sai dai ta bar wa 'ya'yanta. Abin da takardar ke ba ta shi ne ƙuri'a a taron shekara-shekara, wanda ake yi a cikin filin wasan. Ta faɗi haka tana murmushi, ba ta ga asara a ciki ba ko kaɗan.

A nan zancen Yaya ya fara shiga ni. Curly Lambeau da George Calhoun ne suka kafa ƙungiyar a 1919, kamfanin gwangwanin nama da Lambeau ke wa aiki ya ba da dala 500 na kayan wasa. A 1923 bashi ya kusa kashe ta, sai mutanen gari suka sayi hannun jari suka mai da ita ƙungiyar da ba ta neman riba. An sake sayar da hannun jarin a 1935, 1950, 1997, 2011 da 2021, na ƙarshen a kan dala 300 kowane ɗaya. Yau masu hannun jarin sun haura 500,000, kuma an hana mutum guda ya tara fiye da 200,000 na hannayen jarin, don kada wani ya wayi gari ya ce tasa ce. Ko da za a sayar da ƙungiyar, gidauniyar agaji kuɗin za su tafi, ba aljihun kowa ba. Cikin ƙungiyoyi 32 na NFL, babbar gasar wannan wasa a Amurka, ita kaɗai ce haka.

Yaya ya samo mana tikiti ta hannun abokin aikinsa, ba don haka ba da wuya. Jerin masu jiran tikitin kakar wasa ya haura sunaye 100,000, har iyaye kan rubuta sunan jariri tun yana cikin zanen goyo. Yawancin wurin zaman dogayen bencinan ƙarfe ne marasa majingina. Na ga mutane da kwali a hannu, ban gane ba sai da sanyin siminti ya ratsa takalmina: a kansa suke taka ƙafa. Wani dattijo da ke gefena ya yaga nasa ya ba ni rabi, ya kuma ba ni labarin wasan 31 ga Disamba, 1967, da aka yi da Dallas cikin sanyin digiri 25 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyos, Packers ta ci 21 da 17. Zamanin koci Vince Lombardi ke nan, wanda kofin Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar, ke ɗauke da sunansa. Shi ne kuma ya gargaɗi masu gidajen abinci da mashaya na garin cewa duk wanda ya ƙi karɓar baƙaƙen 'yan wasansa, to ba ɗan wasansa ko ɗaya da zai sake taka wurin.

Wasan kansa minti 60 ne a agogo, amma yana cin sa'a uku saboda tsaye-tsaye da tallace-tallacen talabijin. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi goma. Abin da talabijin ba ta kawo maka shi ne ƙarar karo. Da aka kwantar da wani ɗan wasa bai tashi da wuri ba, filin ya yi tsit, ni kuwa Dakta Bennet Omalu ya faɗo mini a rai, likitan nan ɗan Najeriya da ya binciki ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasa Mike Webster bayan rasuwarsa a 2002, ya gano cutar da yawan bugun kai ke haifarwa. Hukumar gasar ta daɗe tana musu, sai a 2013 ta amince ta biya dala miliyan 765 ga tsofaffin 'yan wasa. Mallakar jama'a ba ta rage ƙarfin karon nan ba, kuma ban ji daɗin yadda aka koma sowa da zarar an fitar da yaron ba.

A hanyar komowa, cikin cunkoso, na tambayi Yaya yadda ƙaramin gari ke gogayya da Niyok. Ya ce kuɗin talabijin raba daidai ake yi, kowace ƙungiya tana samun sama da dala miliyan 400 a shekara, kuma duniya ta san adadin ne kawai saboda Packers na buɗe littafinta ga masu hannun jari. Su ma mutanen nan sun biya: a 2000 suka kaɗa ƙuri'ar ƙara harajin saye da rabin kashi ɗaya cikin ɗari don gyaran filin. Amma sun biya ne suna da tabbacin ba za a tafi a bar su ba.

Wasu garuruwan ba su samu wannan tabbacin ba. A 1984 mai ƙungiyar Colts ya loda kayanta a manyan motoci cikin dare, ya bar Baltimo zuwa Indiyanafolis. St. Louis ta gina fili da kuɗin jama'a, Rams ta koma Los Anjeles a 2016 ana kan biyan bashinsa. Garin ya kai ƙara, aka sasanta a 2021 a kan dala miliyan 790, ƙungiyar dai ba ta dawo ba. Raiders ta bar Oklan zuwa Las Vegas a 2020, inda aka zuba dala miliyan 750 na harajin otal a sabon fili. A ganina zalunci ne a karɓi harajin ma'aikaci a gina wa attajiri fili, sannan ya riƙa yi wa garin barazanar tashi.

Na ce, "To Yaya, me ya hana sauran su yi irin na Green Bay?" Ya ce doka. Dokar NFL ta haramta irin wannan mallakar, an ƙyale Packers ne kawai don ta riga dokar zuwa. Dole kowace ƙungiya ta kasance da babban mai ita da ke riƙe da aƙalla kashi 30 cikin ɗari. A 2024 masu ƙungiyoyin sun yarda manyan kamfanonin zuba jari su sayi har kashi 10, amma ba su buɗe wannan ƙofar ga mutanen gari ba.