Laraba: ramuka takwas da na rasa

Yau ne katin hoton da na yi wata huɗu ina tara wa kuɗi ya iso hannuna, wato RTX 3060 mai gigabait 12, na'urar da ke sarrafa hotunan da kwamfuta ke nunawa a allo. Ana idar da sallar Azahar na share tebur, na kwantar da kwamfutar, na cire murfinta ina murna kamar yaro ranar Sallah. Tun kafin in saya na auna tsawonsa da rula, na kuma tabbatar ramin PCIe, wato inda ake danna irin wannan kati a cikin kwamfuta, zai karɓe shi, kuma da na danna shi ya zauna daram.

Sai na laluba neman wayar wuta mai ramuka takwas da zan jona masa, na rasa. Tsohon katina, GTX 1050 Ti, bai taɓa neman wata waya ba, domin wat 75 ɗin da ramin ke bayarwa ya wadace shi, shi kuwa sabon yana cin wat 170, kuma shawarar masu ƙera shi ita ce a haɗa shi da fawa, wato akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, mai wat 550. Na leƙa takardar da ke manne a jikin tawa, na ga 290.

Na kira Yaya, na ce masa ana sayar da 'yar wayar da ke mayar da bakin SATA, wato wanda ke kai wa ma'ajiyar bayanai wuta, ya zama mai ramuka takwas. Ya ce, "Kada ka kuskura. Bakin SATA wat 54 aka yi shi ya ɗauka, idan ka ɗora masa wannan kaya narkewa zai yi, ka yi asarar kati da kwamfuta gaba ɗaya."

Na ce, "To Yaya, in sayi sabuwar fawa ke nan?"

Ya yi shiru, sannan ya ce in ƙirga ramukan babbar wayar da ke shiga madabod, wato babban faifan da ake jona duk kayan kwamfuta a kansa. Na ƙirga, ba su kai 24 da aka saba ba, domin kwamfutar irin ta ofis ce da na saya ta hannu, mai nata tsarin wayoyi daban. Ashe ko fawar na canza, sai na nemo wayar haɗi ta musamman, ko kuwa in canza madabod da akwatin baki ɗaya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, shekara biyu takardar nan tana gabana duk lokacin da na buɗe domin share ƙura, ban taɓa karanta ta ba. Na mayar da tsohon katin bayan La'asar, sabon kuma na ɗora shi a kan durowa cikin kwalinsa. Auta ya leƙo sau biyu yana tambayar ko an gama, na ce masa ya rufe mini ƙofa.