Ranar da muka zauna muka ba kanmu maki

Watan Janairu ne, saura sati ɗaya a koma makaranta, sanyi kamar zai cire wa mutum kunne, sai ga imel daga daraktarmu wai kowa ya zo ranar Laraba ƙarfe tara, ranan ba aikin da za a yi sai duba kanmu. Ni dai na ɗauka irin mitin ɗin nan ne da ake zuwa a sha kofi a yi ta gyaɗa kai a watse. Ashe ba haka ba ne.

Ga wanda bai san inda nake aiki ba, ina karatun digiri na uku ne a wata jami'ar gwamnati nan Amurka, kuma abin da ke biya min kuɗin makaranta da na haya shi ne aikin awa 20 a sati a cibiyar koyo da koyarwa ta jami'ar. Mu ba ɗalibai muke koyarwa ba, malamansu ne mutanenmu. Farfesa ya ga ajinsa ya ƙi tafiya, ko sabon malami da ya gama digirgir amma bai taɓa tsayawa gaban mutum ɗari biyu ba, to wajenmu ake zuwa, mu zauna da shi, mu duba tsarin darasinsa, in ya yarda mu shiga ajin mu zauna a baya mu gani. Irin wannan cibiya ta daɗe a ƙasar nan, Jami'ar Michigan ce ta fara buɗe tata tun 1962, kuma masu wannan sana'a har ƙungiya gare su, POD Network, tun 1976.

To ita wannan ƙungiyar ce tare da majalisar jami'o'in Amurka da ake kira ACE suka fitar da wani jadawali a 2018, wanda cibiya za ta ɗauka ta auna kanta da shi. Abubuwa 17 ne a ciki, an kasa su gida uku: yadda aka tsara cibiyar da inda take a jikin jami'a, sai kuɗi da ma'aikata da wurin zama, sai kuma ayyukan da take yi. Kowane abu ɗaya matakinsa uku, ko kuna farawa ne, ko kun iya kuna tafiya daidai, ko kun kai a yi koyi da ku. Shi daraktar ta raba mana, ta ce kowa ya koma gefe ya cike nasa shi kaɗai, kar wanda ya leƙa na wani.

Gaskiya sai na faɗa, ni kusan komai matakin ƙarshe na ba mu. Ta yaya zan zauna a ofis ɗin matar da ta ɗauke ni aiki, wadda har yanzu na kasa kiran sunanta gatsau kamar yadda kowa ke yi sai dai na ce Dakta, sannan na rubuta mata cewa aikinta bai kai ba? Kara ba za ta bar ni ba. Kuma ni a gida da irin tantancewar da na saba ke nan, baƙi za su zo duba makaranta, sai a share, a yi fenti, a nuna musu abin da zai yi kyau a ido, su tafi kowa ya numfasa. A raina maki abu ne da ake nema a samu da yawa.

Da aka manna na kowa a bango sai na ga ni kaɗai ne na yi wannan rabon alherin. Ita daraktar da kanta, a layin ƙarshe, wato auna tasirin aikinmu, matakin farko ta ba mu, na masu rarrafe. Na ce Dakta, ai bara ba satin da ba mu yi taron bita ba, kuma takardun da mutane ke cikewa a ƙarshe kusan duka yabo ne. Ta ce min haka ne, to a cikin waɗanda suka zo ɗin nan, mutum nawa ka san ya koma ajinsa ya canza ko da abu ɗaya? Na yi shiru. Ta ce ita ma ba ta sani ba, kuma shekararta nawa tana rubuta rahoton ƙarshen shekara ba ta sani ba.

Nan ne abin ya fara damuna, don wallahi ni ne ke haɗa alƙaluman rahoton nan. Ni ke ƙirga mutum nawa suka sa hannu a takardar halarta, ni ke zana musu hoto mai launi, bana an fi bara, sai a tura wa ofishin mataimakin shugaban jami'a mai kula da karatu, wanda daga hannunsa kasafinmu ke fitowa. Kujeru muke ƙirgawa. Kuma in ana raba abincin rana kyauta ai kujera ba ta zama ba kowa. Akwai wani Ba'amurke Donald Kirkpatrick da tun 1959 ya kasa auna horaswa hawa huɗu: mutane sun ji daɗi? sun koyi wani abu? sun canza yadda suke aiki? an ga sakamako? Mu duk shekarun nan a hawan farko muka shimfiɗa tabarma muka zauna.

Shi kuma jin daɗin nan mayaudari ne, akwai hujja. A 2019 wasu malaman fiziks a Harvard suka gwada ɗalibansu, wani darasin a yi musu lakca mai daɗi su zauna su saurara, wani kuma a sa su su yi ta fama da tambayoyi da kansu cikin aji. Da aka yi gwaji, ranar da suka yi faman sun fi samun maki, amma da aka tambaye su, cewa suka yi ranar lakca suka fi koyo. To in ɗalibi zai iya ruɗuwa haka a kan kansa, me zai hana farfesa da ya ci ya ƙoshi ya sa mana biyar cikin biyar ya fita ya manta da mu kafin ya kai motarsa.

Sai wani abu kuma da sakatariyar ofis ta tono, ita da ba ta cika magana a mitin ba. Ta ce ita fa ba ta buƙatar duba takarda, fuskokin da ke zuwa ta haddace su, su ne dai su ne dai, waɗanda dama can suna son koyarwa, ko ba mu za su nemi gyara. Masu koyar da manyan azuzuwan 'yan shekarar farko kuwa, lissafi da kemistiri da rubutun Turanci, da yawansu malaman wucin gadi ne da ake biya kwas-kwas, wani yana koyarwa a makaranta biyu ko uku don ya haɗa kuɗin haya, mu kuma mun sa bitarmu ƙarfe sha biyun rana tsakiyar sati, lokacin shi yana kan titi yana gudu zuwa wata makarantar. Ba wanda zai biya shi awar da ya zauna da mu. Kuma a azuzuwan nan ne yara suka fi faɗuwa su bar fannin gaba ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mu sai da mai riƙe da rajista ta nuna mana.

Bayan azahar aka shiga maganar buri na shekara mai zuwa, nan kuma kowa ya saki baki. Kafin ka ce me allo ya cika, a sabunta shafin intanet, a fara shirin rediyo, a nemi babban ɗaki, a ƙara ma'aikaci, a yi bita kan ChatGPT tunda duk malamai shi ne ke hana su barci, a inganta koyarwa a faɗin jami'a. Wannan na ƙarshen nawa ne, kuma shi aka fara gogewa. Dakta ta ce duk burin da ba za mu iya cewa ga ranar da za mu duba shi ba, ga wanda zai duba, ga abin da in mun gani za mu ce mun gaza, to fata ne kawai. Na kuɗi da na ɗaki ma ta ware su gefe, ta ce waɗannan ba a hannunmu suke ba, roƙo ne za a kai sama, kar mu rubuta su a matsayin aikinmu mu zo ƙarshen shekara muna cewa ai ba a ba mu ba ne.

Biyu suka rage, su ma ni ina ganin taura biyu ce, amma dai. Na farko, mu daina jiran malaman 'yan shekarar farko su zo, mu bi su, da yamma ko ta Zoom ko ma minti ashirin a ofis ɗin da suke rabawa. Hujjar da za mu je da ita akwai ta: nazarin da Scott Freeman da abokan aikinsa suka fitar a 2014, inda suka tattara bincike 225 a fannonin kimiyya da lissafi da injiniyanci, suka ga inda lakca zalla ake yi kusan kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai ke faɗuwa, inda ake sa su aiki cikin aji kuwa kusan kashi 22. Na biyu, duk wanda muka yi aiki da shi, zango mai zuwa mu koma mu tambaye shi me ya canza, ya nuna mana tsarin darasinsa na da da na yanzu, ba wai ya ce mana ya ji daɗi ba.

A nan aka ɗan yi musu mai zafi, kuma har yau ban gama yanke hukunci a raina ba. Wani abokin aikinmu ya ce in dai hujja muke so ta gaske, mu karɓi sakamakon jarrabawar azuzuwan waɗanda muka taimaka wa mu kwatanta da na sauran, mu kai sama, kuɗi zai fito. Dakta ta ce a'a. Duk abin da malami ya faɗa mana sirri ne, wannan shi ne jarin cibiyar, ranar da aka ji cewa sunan wanda ya zo neman taimako yana isa teburin masu ƙarin girma ko masu sabunta kwantiragi, ranar za a rufe mana ƙofa, balle malamin wucin gadi da zango ɗaya kawai aka ba shi. Za a iya haɗa alƙaluma a dunƙule ba suna, amma in sashe guda mutum biyu ne ke koyar da kwas ɗin, ai ko ba suna an san ko waye. Ni ina ganin gaskiyarta, ina kuma ganin cewa haka za mu ci gaba da zuwa gaban masu kasafi da hujja rabi.

Aikin da ya faɗo kaina shi ne jin ra'ayin ɗalibai a tsakiyar zango. Yadda ake yi, sati na shida ko na bakwai malami zai bar min minti ashirin da biyar na ƙarshen darasi ya fita, ni kuma na kasa yaran ƙungiya-ƙungiya na tambaye su me ke taimaka musu su koya, me ke hana su, me za su so a canza, sai abin da yawancinsu suka yarda da shi na rubuta, na kai masa shi kaɗai. Amfaninsa ya fi na fom ɗin ƙarshen zango nesa ba kusa ba, don wancan lokacin da zai iso yaran da suka yi ƙorafin sun riga sun wuce.

Na tura wa malamai tara imel. Uku sun amsa, ɗaya ta ce tana so amma tana tsoro, ta tambaye ni sau biyu ko shugaban sashensu zai gani. Na ce ba zai gani ba. Ajinta ƙarfe takwas na safe ne ranar Talata, a ginin da ke can ƙarshen makaranta inda bas ba ta tsayawa, don haka yau da daddare sai na nemo safar hannuna da ta ɓata tun Disamba.