Yadda aka dawo mini da labari sau biyu

Tun ina ƙaramar sakandare nake karanta littattafan hikaya, waɗanda yayata kan karɓo mana haya daga Gujungu ranar kasuwa, mu ɓoye su a ƙarƙashin katifa. Da na zama malamar firamare a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, sai na fara rubuta nawa a waya ina turawa zaurukan WhatsApp, inda kowane shafi kan samu addu'a da yabo da neman ci gaba, amma ban taɓa samun wadda ta ce mini ga inda na yi kuskure ba.

Wata abokiyar aikina ce ta nuna mini wata ƙaramar mujallar adabi da ke fitowa a intanet duk bayan wata uku. Mata uku ne ke tafiyar da ita, ba su biyan marubuci, su ma babu mai biyansu, kuma daga aljihunsu suke sayen data. Na aika musu da labarin da nake ganin ya fi duk abin da na rubuta, labarin 'yar wani attajiri a Abuja, da motoci da jirgin sama da amarci a Dubai. Bayan mako uku editar ta amso mini cikin ladabi, ta ce: "Malama, Hausarki tana da daɗi, amma ban ga alamar kin taɓa shiga ɗakunan nan da kike siffantawa ba. Me ke faruwa a inda kike?" Raina ya ɓaci ƙwarai, har na yi kwana biyu ban buɗe wayar ba, domin gaskiyar da ta faɗa ta taɓa ni, ni da ko Abuja ban taɓa takawa ba.

Abin da ke faruwa a inda nake kuwa shi ne ambaliyar daminar 2022, wadda ta ci gidaje da gonaki a Ringim da Haɗeja da garuruwa da yawa na Jigawa, har mutane suka yi makonni suna kwana a azuzuwan makarantu. Na zauna na rubuta labarin wata bazawara da ruwa ya shigo wa gida da tsakar dare. Na fara rubuta shi da biro a littafin ɗalibai, domin wayata takan wuni a wajen mai caji, sannan da daddare in kwafe shi da babban yatsa. Ranar aikawa sai da na fita bakin rijiyar bayan gari, inda sabis ya fi ƙarfi.

Shi ma an dawo mini da shi. Wannan karon editar ta bi shi layi bayan layi, ta gyara mini rabin kalma da haɗin kalma, ta mayar mini da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ da wayata ta cinye, ta kuma yi tambaya a kan wurin da ruwan ya shigo, inda na sa matar ta durƙusa tana kuka tana dogon jawabi. Ta ce in karanta wa wadda abin ya faru a kanta.

Na karanta wa Gwaggo, ƙanwar mahaifina, tana zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ba ta yi boko ba, amma da na kai wurin sai ta ajiye ƙwaryar ta ce: "Ke 'yar nan, wace mace ce ruwa zai shigo mata ta tsaya kuka? Goyo za ta fara yi, sannan ta kwance awaki daga turke, don dabbar da ke ɗaure ita ruwa ke fara ci. Kukan sai gari ya waye, in ta ga rumbu a ƙasa." Na goge jawabin gaba ɗaya, na sa hannun matar yana lalube a cikin duhu yana neman ƙullin igiyar da ruwa ya jiƙa ta ƙi kwantuwa. Da haka labarin ya fito.

Matan Hausa ba jiya suka fara rubutu ba. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, jajinta, wato matan da ta koyar, suna kai su ga matan ƙauyuka. Hafsatu Abdulwahid ta fitar da littafinta na farko a 1980, su Balaraba Ramat Yakubu suka biyo baya a Kano, sannan BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata ta mata zalla a 2016. Sai dai gasa sau ɗaya take zuwa a shekara, kuma ba ta da sararin zama da kowace marubuciya a kan kowane layi. Wannan aikin mai cin rai ƙananan mujallu ne za su iya yin sa, saboda labaran da ke zuwa musu ba su fi ƙarfin karatunsu ba. A ganina, shi ne abin da macen karkara mai rubutu ta fi rasawa, fiye ma da wutar lantarki.

Yanzu mu huɗu ne muke haɗuwa ranar Alhamis bayan la'asar a gidan ɗaya daga cikinmu, kowace ta karanta nata a bayyane. Ɗaya tana rubuta labarin mai ƙuli-ƙuli, wata kuma na unguwarzoma. Gwaggo takan zo da gyaɗarta ta zauna daga gefe, kuma makon jiya ta sa mai labarin unguwarzoma ta sake shafi biyu.